Hoton Kawu, Kiɗan Inji

Har yau idan na shiga motar haya daga Birnin Kebbi zuwa Argungu, fatana biyu ne: mu sauka lafiya, kuma kada direba ya gane ni. Na biyun bai cika samuwa ba. Da ya leƙo ni ta madubi sai ya washe baki, ya laluba wayarsa, ya sako mini faifaina na farko, wai shi nan karrama ni yake yi. Daga nan har mu isa ina matse tsakanin buhun albasa da gwiwar wani, ina sauraron wani saurayi mai muryar sauro yana ƙoƙarin shaida wa duniya cewa ya iso. Saurayin nan ni ne. Fasinjoji su yi ta gyaɗa kai, suna cewa ai waƙa tun wancan lokacin ta ƙare, na yanzu duk hayaniya ce. Ni kuwa sai in kafa wa taga ido, don in na buɗe baki zan ɓata wa mutane tafiya.

Ba na son faifan nan. Ba zan yi butulci in ce bai yi mini komai ba, shi ya fitar da ni, da shi na yi aure, da shi na daina kwana a shagon aboki. Amma waƙoƙi shida ne a ciki, kuma biyar ɗin farko ko matse su ka yi ba za ka samu abin jiƙa maƙoshin kaza ba. Soyayyar aro ce. Na yi wa budurwar da ba a haifa ba kuka baiti bayan baiti, ni da a lokacin ko sallama ban iya yi a ƙofar gidan su yarinya ba sai gumi ya wanke ni. Wannan wautar ƙuruciya ce, a yi dariya a wuce. Ta shida ce ba ta da abin dariya. Waƙar noma ce, ita aka fi so, ita direbobi ke fara sakowa. A bangon faifan akwai hoton wani tsoho tsaye a bayana, rataye da ganga, kuma kowa ya ɗauka kiɗansa ne yake ji. Ba kiɗansa ba ne.

Tsohon nan kawuna ne, wan mahaifiyata, makaɗin noma. Mahaifina masunci ne, ya so in gaje shi, amma bayan na kifar masa da kwalekwale sau biyu a gulbin da yara ke wanka, sai ya haƙura. Kawu ya ɗauke ni ina yi masa amshi. Damina bayan damina ina biye da shi daga gonakin Argungu har na Augie, duk inda aka kira gayya.

Wanda bai taɓa tsayawa a gayya ba yana zaton makaɗi nishaɗi ya je yi. Aiki ya je yi, kamar kowa. Manoma za su jeru kowa da kunyarsa da galmarsa, Kawu yana bayansu, idonsa a kan gadon bayansu. Da safe yana farawa a sanyaye, don jiki bai buɗe ba. Idan an kusa ƙarshen kunya sai ya ɗan matsa gudu, su ƙarasa da zafi. Da sun juyo sai ya sassauta, ba tsayawa ba, daidai yadda mutum zai ja numfashi ba tare da wani ya ga ya huta ba. Idan ya hango dattijo ya fara zama baya, ba zai bari a gane ba, sai ya ja kiɗan gaba ɗaya ya rage masa gudu, ya saki taken dattijon, samari su ɗauka girmamawa ce, kafin su farga tsoho ya kamo sahu. Ya san wanda ya kwana da zazzaɓi, ya san wanda aka yi wa haihuwa bai yi barci ba. Duk a gular da yake bugun ganga yake lissafa su. Shi ya sa ake cewa idan shi ne a bayanka, za ka wuni kana huɗa ka koma gida da ƙafarka.

Ni kuwa, ɗan tsako samu ka ƙi dangi, na gaji da taɓo. Na tattara na koma Birnin Kebbi, na kama ɗaki a Nassarawa, na sayi baƙin tabarau. A Badariya akwai wani mai situdiyo da duk matashin da ke jin yana da murya ke zarya wurinsa. Situdiyon ɗaki ɗaya ne da aka raba da katako, an manna wa bangon kwalayen ƙwai da tsohuwar katifa, ga fiyano, ga kwamfuta mai ƙaton baya, ga janareto a tsakar gida yana tari. Amma yadda mutumin ke zama a kujerar nan yana kaɗa ƙafa, ka rantse shi ya ƙirƙiro sauti. Bai taɓa riƙe hauya ba, bai taɓa ɗaura ganga ba, kuma babu abin da bai sani ba game da kiɗa, a faɗarsa. Ni ma na yarda. A lokacin ko cewa ya yi in yi waƙa da hanci zan gwada.

Shi ya ce waƙoƙin soyayyar sun yi, amma a sa abin gargajiya guda ɗaya, mutane na son asali. Sai na tuna ina da kawu.

Ya zo a motar safe, sanye da rigarsa ta Juma'a, gangar naɗe a cikin zane. A ƙofar situdiyo ya tuɓe takalmi, ya yi sallama har sau biyu, ya gaida mai situdiyo kamar yana gaban hakimi, shi kuwa ya amsa yana kallon kwamfuta. Aka shigar da Kawu bayan katako, aka saƙala masa abin ji a kunne. A ciki akwai wani ƙas, ƙas, ƙas da na'ura ke yi, ba ya gudu ba ya lafawa, wanda ake so makaɗi ya bi.

Kawu ya saurara, ya ɗago kai ya ce, "Wanga tsuntsu da ka saran icce, mi shika nema?"

Mai situdiyo ya ce, "Baba, shi za ka bi. Kada ka wuce shi, kada ya wuce ka."

"To."

Ya fara. Bai yi nisa ba aka tsayar da shi, wai ya yi gaba. Ya sake, aka tsayar da shi, wai ya yi baya. A karo na uku ya sauke gula, ya cire abin kunnen, ya dube ni ta ƙaramar tagar da ke jikin katakon.

"Ɗana, wa ka noma da gudu guda tun swahe har azahar? Ko jaki ba shi yin haka."

Mai situdiyo ya yi tsaki, ya ce a bar tsoho ya yi yadda ya iya, daga baya a ga abin da za a yi. Kawu ya tambaya ina manoman, aka yi dariya, shi bai yi ba. Sai ya ce to, zai kaɗa wa gonar wani amininsa ta Augie, mai dogayen kunyoyi, ya san mutanen da ke zuwa. Ya rufe ido. Ina ganinsa yana jera su a ransa, yana juya kai daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ya kaɗa.

Na yi shekaru ina bin ganga, na yi shekaru ina biyan makaɗa, ban sake jin irin na ranar nan ba. A ɗakin da ke warin fetur da katifa, na ji an kama kunya, na ji an kai ƙarshe, na ji an juyo, har na ji inda ya jira wani. Da ya gama, rigar Juma'ar ta jiƙe sharkaf. Na shiga na ɗora muryata a kai, ina jin gangarsa a kunne, sau ɗaya na yi ba a ce in sake ba. Ya yi azahar, ya ci shinkafa, na raka shi tasha.

Da na dawo na tarar da mai situdiyo yana nuna allon kwamfuta da biro. Ga wasu layuka a tsaye, daidai wa daida kamar haƙoran mataji, ga bugun Kawu ya ƙi zama a kansu. Ya ce in gani da idona, tsohon bai iya riƙe kiɗa ba, 'yan ƙauye haka suke, hannu kawai, babu ilimi. Ya danna fiyano, wata ganga ta fito daga ciki, tsaf, mai sheƙi, kowane bugu ɗan'uwan na bayansa. Ya ce idan kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, ko so nake a yi mini dariya a gidan rediyo?

Da zan ce ya yaudare ni da na ji sauƙi. Bai yaudare ni ba. Na san dalilin da ya sa gangar ke gudu tana lafawa fiye da yadda na san sunana. Kunya na ji kawai, kunyar a ce kawuna baƙauye ne, ni ma ɗan baƙauye. Na ce a sa ta injin. Ya yanyanka muryata ya jera ta a kan layukansa. Da ya gama ya ce, "Na tsohon fa? Yana cin wuri a kwamfuta." Ina gyara tabarau a madubin da ke jikin ƙofa na ce, "Goge." Ko juyowa ban yi ba. Hoton kuma ni na zaɓa, don tsoho da ganga yana da kyau a bango.

Da faifan ya fito na kai masa Argungu. Aka aro rediyo mai cin faifai daga maƙwabta, ya zauna a gindin dogonyaron ƙofar gida, mutane suka taru. Na tsallake waƙoƙin soyayya na sa ta shida. Ya saurara tun daga farko har ƙarshe, hannunsa a kan gwiwa, yatsa ɗaya bai motsa ba. Jama'a suka yi ta sambarka. Sai da suka watse ya kira ni kusa.

"Ina nau?"

"Yana nan, Kawu. Na ajiye shi. Wannan na kasuwa ne."

"To, madalla. Aje shi da kyau."

Na koma Birnin Kebbi ina jin na iya magana.

Da damina ta kama, wani mai hali a Augie ya kira gayyar huɗar gero, ya aiko a gayyace ni, don lokacin sunana ya fara zagawa. Na biya na ɗauki Kawu, ya rungumo gangarsa a cikin zanenta, yana zaton aiki za mu. Muna isa muka tarar an ɗora ƙatuwar lasifika a kan amalanke, ga janareto a gefe. Mai gona ya tarbe mu yana fara'a, ya shimfiɗa wa Kawu tabarma a inuwa.

"Yau hutawa za ka yi, Baba. Ga ka nan cikin akwati, ba ka gajiya, ba ka neman hura."

Aka kunna. Waƙar na ƙarewa a maido ta, tana ƙarewa a maido ta. Da farko abin ya yi armashi, samari na ihu, ƙasa na tashi. Amma injin bai san safiya ba, bai san ƙarshen kunya ba. Gudun da ya fara da shi, da shi yake tafiya. Kafin hantsi ya yi zafi sahu ya karye. Samari sun yi gaba suna haki, dattawa sun zube a baya kowa na ganinsu, babu wanda ya rufa musu asiri. Wani ya jefar da galma ya zauna a tsakiyar gona. Wani ya koma gefe yana amai. Ba su kashe lasifikar ba kuma, don a ganinsu rashin kunya ne a kashe kiɗan mutum yana zaune yana kallo.

Sai ga sarkin noman garin, tsaran Kawu, ya taho yana dafe da ƙugu. Ya tsaya a kan tabarmar, gumi na ɗiga daga gemunsa.

"Mi munka yi maka? Shekara nawa kana bayanmu, yau ka kaɗa muna kiɗin da ba shi da tausai? Ko birni sunka canza ka?"

Gangar tana nan kusa da ƙafarsa. Da ya kwance zanen nan ya yi bugu goma, da kurma ma ya gane ba hannu ɗaya ba ne. Ina tsaye taku uku daga wurin, cikin farar shadda da tabarau, a gonar huɗa, ka ji shashasha. Jira nake ya dube ni. Bai dube ni ba. Ya buɗe tafin hannunsa yana kallo, ya ce, "Tsuhwa na, sarki. Hannu ya bushe. Ku yi haƙuri."

Kalma huɗu ta ishe ni in wanke shi, ban faɗa ba, don akwai 'yan mata masu kawo fura da ke nuna ni da baki.

Ba zan yi ƙaryar cewa faifaina ne ya kashe kiɗan noma ba, bai kai wannan matsayin ba. Maganin feshi ya zo, injin huɗa ya zo, samari sun koma kabukabu, gayya dama tana janyewa. Amma na san abin da ya kashe na Kawu. Magana ta zaga cewa hannunsa ya bushe, da bakinsa ya faɗa. 'Yan tsirarun da suka ƙi yarda suka aiko, ya ce a ba su haƙuri. Tunda ya faɗi magana a gaban sarkin noma, ba zai je wata gona ya ƙaryata kansa ba, ya tona ni. Ya rataye gangar a ɗaki, ya koma gyara wa masunta komar kamun kifi a bakin gulbi.

Shekaru suka yi ta tafiya ina cewa zan sake ɗaukarsa. Waya mai ɗaukar murya ta zo, tana aljihuna duk lokacin da na je gaishe shi. Amma in na ce ya sake kaɗawa, zai tambaye ni na farkon fa, ni kuma ban shirya amsa ba. Sai in ajiye masa goro da sabulu, in yi hira, in tashi. Na taɓa komawa Badariya ko Allah zai sa akwai saura a wani lungu na kwamfutar. Na tarar mai situdiyo ya koma sayar da injin ban ruwa, ya yi tumbi, yanzu kuma babu abin da bai sani ba game da noman rani. Ya ce kwamfutar ai tun tuni ta ƙone, wane tsoho ma nake nufi? Kafin in gama tattara ƙarfin halina, hannun Kawu ya fara rawa da gaske, ko kofin shayi sai an riƙe masa.

Akwai wuri ɗaya a waƙar nan, kusa da ƙarshe, inda mai situdiyo ya yi kasala bai daidaita muryata ba. A nan za ka ji na ɗan riga injin, sannan na ja baya na jira, injin ya wuce ya bar ni. Masana na zamani sun ce kuskure ne. Ƙarshen kunya ne, inda Kawu ya matsa sannan ya sassauta, muryata ta bi shi. Duk tsanar da nake yi wa faifan, in aka zo wurin nan sai na kasa kunne. Bai fi numfashi biyu ba. Sauran duk shara ce mai sheƙi.

Ya rasu da kaka, ana yankan shinkafa. Ranar sadakar uku, bayan an shafa fatiha mutane sun fara raguwa, babbar 'yarsa ta aiko a kira ni. Taubashiyata ce, tun muna yara ba ta taɓa ganina ba ta tsokane ni ba, ko a kan tabarau ko a kan kwalekwalen da na kifar. Ranar ba ta tsokane ni ba. Ta ja ni bayan rumbu, ta kwance bakin zanenta, ta fito da sabon memori ko daga ledarsa ba a cire shi ba.

"Baba ya bar saƙo. Yac ce kiɗi nai na gaskiya, wanda anka ɗauka birni, shina wurinka. Yac ce in ya kau mu karɓa, jikoki nai su ji. Ga shi, sa muna ciki."

Ta miƙo. Na kalli ledar a tafin hannunta. Na iya cewa yana gida, na iya cewa sai na nemo, bakina ya saba. Na ce, "Babu shi."

"Awa ya babu? Yac ce ka aje."

"Na sa an goge. Tun ranar."

Ta daɗe tana kallona. Ta ce, "Baba bai taɓa yi muna ƙarya ba."

"Ba shi ya yi ba."

Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ta zage ni da na gode. Ta mayar da memorin bakin zane, ta ƙulle shi sau biyu. Har ta juya za ta shiga cikin gida sai ta tsaya, ta yi ƙasa da murya.

"Kar ka hwaɗa ma Inna. Ƙirgan kwanan takaba takai. Tac ce ranar da tah hita, shi za ta hwara ji."